Inda Ya Dace A Kafa Gatari Wajen Ƙera Amalanke Da Ƙaramar Tirela

Gabatarwa

Tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur, kuɗin ɗauko amfanin gona daga gona zuwa gida, da kuma daga gida zuwa kasuwa, ya yi tashin da ya sa amalanken shanu da na jaki suka ƙara daraja a wajen manoma. Haka nan ƙaramar tirela da ake ɗaura wa mota a-kori-kura ko ƙaramar tarakta mai taya biyu. Akasarin waɗannan abubuwan sufuri masu walda ne na cikin gari suke ƙera su, da ƙarfe mai kusurwa da katako da gatarin tsohuwar mota, musamman na Peugeot 404 da 504 waɗanda suka daɗe suna yawo a hanyoyinmu. Gatari shi ne ƙarfen nan da ya ratsa ƙarƙashin bodi yake ɗauke da tayoyi biyu, wanda wasu makanikai suke kira aksul.

Manomi idan ya je sayen amalanke yakan duba kaurin ƙarfe, da ingancin walda, da lafiyar taya. Da wuya ya tambayi a ina aka kafa gatarin, ko me ya sa aka kafa shi a wurin. Shi ma mai walda sau da yawa da ido yake ƙiyastawa, ko ya kwaikwayi wani amalanken da ya gani, wanda tsawonsa da aikinsa dabam ne. Alhali kuwa tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, gaba ko baya, ita ce take raba amalanken da shanu za su yini suna ja lafiya da wanda zai buɗe masu miki a wuya cikin mako guda. Ita ce kuma take raba tirelar da ke bin mota salin-alin da wadda za ta jefa ta cikin kwari. An shirya wannan bayani ne domin malaman gona da manoma su san yadda ake gano wurin da ya dace tun kafin a kunna wutar walda.

Yadda nauyi yake rabuwa

Amalanke mai taya biyu a wurare biyu yake dogara: a kan tayoyi, da kuma a bakin sandar ja, inda ta haɗu da karkiya ko da ƙugiyar mota. Wannan wuri na biyu shi za mu riƙa kira mahaɗa. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan garuwa ya san asalin lissafin. Idan sandar tana kan kafaɗarsa daidai tsakiya, garwa biyun sun daidaita, ba ya bukatar riƙe ta da ƙarfi. Idan ya matsar da kafaɗar baya kaɗan sai gaba ya rinjaya, dole ya tallafe da hannu. Gatari shi ne kafaɗar, wuyan sa ko ƙugiyar mota kuma shi ne hannun da ke tallafewa.

Kowane abu mai nauyi yana da wuri guda wanda idan aka ɗora shi a kan bututu a daidai nan zai tsaya ba tare da ya rinjaya gaba ko baya ba. Wannan wuri shi ne cibiyar nauyi. Idan cibiyar nauyin amalanke da kayansa tana daidai saman gatari, tayoyi ne suke ɗaukar kome, mahaɗa ba ta ɗauki ko kilo ɗaya ba. Idan tana gaban gatari, mahaɗa za ta ɗauki wani kaso. Idan kuwa tana bayan gatari, sandar ja sama za ta yi, ta ɗaga abin da ke janta.

Lissafin kason ba shi da wuya. A auna tazarar da ke tsakanin cibiyar nauyi da gatari, a ninka ta da jimillar nauyi, sannan a raba da tazarar da ke tsakanin mahaɗa da gatari. Abin da ya fito shi ne nauyin da ya hau kan mahaɗa. Ke nan abu uku ne suke aiki tare: yawan kaya, da inda aka ajiye su, da tsawon sandar ja. Na ukun nan shi ne wanda aka fi mantawa da shi.

Ƙa'idar sittin da arba'in

Akwai wata ƙa'ida da ta yaɗu a tsakanin masu ƙera tirela, cewa a bar kashi 60 cikin 100 na tsawon bodi a gaban gatari, kashi 40 a baya. Ta yi ƙarfi ne a Amurka, inda mutane da yawa suke ƙera ƙananan tireloli a gida domin ɗaukar kaya ko domin kwana a daji lokacin hutu. Abin da suke nema da ita shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jimillar nauyin tirela ya hau kan ƙugiyar mota. A Ingila da sauran ƙasashen Turai, inda motoci suka fi ƙanƙanta, kashi 5 zuwa 7 aka fi ba da shawara.

Ko a can ɗin ma ƙa'idar ba ta zauna daidai ga kowace tirela ba. Akwai wata ƙaramar tirelar kwana da ta yi tashe a Amurka a shekarun 1930 da 1940, kuma har yanzu ana ƙera ta, mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4. Gado ne a gabanta, wurin girki kuma yana can baya, da murhu da ruwa da kayan abinci. Da yake abubuwa masu nauyi suna baya, abin da ke gaba kuma katifa ce kawai, masu ƙera ta sukan matsar da gatari baya fiye da yadda ƙa'idar ta ce. Abin lura a nan shi ne ƙa'idar ta ginu ne a kan zaton cewa kaya sun bazu daidai a cikin bodi, kuma wuyan tirela yana da matsakaicin tsawo. Da zarar ɗayan biyun ya sauya, lissafi ya sauya.

Ga misali. A ɗauki tirela mai bodi tsawon santimita 240, da wuya mai tsawon santimita 120 daga gaban bodi zuwa mahaɗa, jimillar nauyinta da kaya kilo 700. Idan an shimfiɗa kayan daidai, cibiyar nauyi tana tsakiyar bodi, wato santimita 240 daga mahaɗa. Idan ana son kashi 10 ya hau kan mahaɗa, sai a raba 240 da 0.9, a sami 267. Ke nan za a kafa gatari santimita 267 daga mahaɗa, wato santimita 27 a bayan tsakiyar bodi, kimanin inci goma da rabi ga masu aiki da inci. Mota za ta ɗauki kilo 70. Wannan ya zo kusan daidai da sittin da arba'in, domin sittin da arba'in za ta ba da santimita 24 da kilo 64. Amma idan aka ƙara tsawon wuyan ya kai santimita 180, aka bar gatari a inda sittin da arba'in ta ajiye shi, nauyin mahaɗa zai sauko zuwa kilo 52, kashi 7 da ɗoriya kawai. Idan kashi 15 ake so, da 0.85 ake rabawa.

Tirelar da mota take ja

Dalilin da ya sa ake son nauyi a kan ƙugiyar mota shi ne gudu. Tirelar da cibiyar nauyinta take kusa da gatari sosai, ko take bayansa, takan bi lafiya a hankali, amma idan gudu ya ƙaru sai ta fara tangaɗi hagu da dama. Iskar babbar mota da ta wuce, ko rami, ko ɗan karkata sitiyari, kowanne ya isa ya tayar da shi. Kowane lilo yana fin na bayansa girma, har tirelar ta rinjayi bayan motar. Direba idan ya ji haka ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya taka birki da ƙarfi, kuma kada ya yi ƙoƙarin bin lilon da sitiyari. Idan ya sami wurin tsayawa ya sauka ya mayar da kaya gaba.

Akwai wani abu da sikeli ba ya nunawa. Mutum zai iya ajiye buhu biyar can gaba, biyar can baya, ya bar tsakiya babu kome, sikeli ya nuna masa nauyin mahaɗa daidai. Amma irin wannan lodi yana ƙara wa tangaɗi ƙarfi, domin nauyin da ke nesa da gatari idan ya fara juyawa yana da wuyar tsayarwa. Kaya mafi nauyi a tara su kusa da gatari, su ɗan fi yawa ta gabansa, masu sauƙi su je gefe-gefe.

Yawan nauyi a gaba shi ma yana da nasa aibin. Bayan mota zai durƙusa, gabanta ya ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari da birki su yi rauni, fitilu kuma su haska sama da dare. A ƙasashen Turai tirelar da ba ta da birkin kanta ba a yarda jimillar nauyinta ta wuce kilo 750 ba. Tunda tirelolin da ake ƙerawa a garuruwanmu kusan duk ba su da birki, wannan iyaka ce da ya kamata mai ƙaramar mota ya riƙe wa kansa.

Amalanken shanu da na jaki

A nan ne ake yin kuskure mafi tsada, domin wanda yake ɗaukar nauyin mai rai ne, kuma ba ya magana. Shanu ba sa gudun da zai kawo tangaɗi, saboda haka babu dalilin ɗora masu kashi 10 ko 15. Amalanke mai jimillar kilo 1,000 idan aka bi ƙa'idar mota, kilo 100 zuwa 150 ne zai zauna a wuyan shanu biyu tun safe har yamma, ban da ƙarfin da suke sa wa wajen ja. Shanun huɗa irin su Bunaji, masu nauyin kilo 300 zuwa 450, ƙarfin da kowanne yake iya ja da shi na tsawon sa'o'i bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa ba. Duk abin da aka ƙara masa a wuya daga cikin wannan ƙarfi ake ragewa. Alamun sukan fito da wuri: gashi ya zube a gaban tozo, wurin ya kumbura ya yi zafi, daga baya ya zama miki. San ya riƙa sunkuyar da kai, ya riƙa gudun karkiya da safe, mai shi kuma ya ce ya yi taurin kai. Idan wannan ya faru a kaka, mikin yana iya kaiwa har faɗuwar damina, lokacin da huɗa ba ta jira.

To amma rashin nauyi gaba ɗaya ya fi haɗari. Idan sandar ja ta ɗaga, karkiya tana tashi daga kan wuya, igiya ko ƙarfen da ya zagayo ta ƙarƙashin maƙogwaro ya shaƙe dabba. Kuma da zarar gaba ya fara ɗagawa bodi yakan karkata baya, kaya su zame baya, abin ya ƙara tsananta. Jaki da yake ba shi da nauyi, amalanken da ya rinjaya baya yana iya ɗaga shi sama ɗungurungum, ƙafafunsa na reto.

Abin da ake nema shi ne ɗan rinjaye zuwa gaba wanda ba ya ɓacewa. A ganina kilo 20 zuwa 40 a bakin sanda ya wadatar ga shanu biyu, wato abin da babban mutum zai ɗaga ba tare da ya yi nishi ba alhali amalanken yana cike. Ga jaki ɗaya kuwa, abin da za a ɗaga da hannu ɗaya cikin sauƙi, kuma nauyin ya sauka a bayansa bisa akumari mai taushi, kada ya sauka a wuya.

A ɗauki amalanke mai bodi santimita 200, da sanda mai tsawon santimita 250 daga gaban bodi zuwa karkiya, jimilla kilo 1,000. Idan aka kafa gatari santimita 10 a bayan tsakiyar bodi, tazararsa daga karkiya santimita 360 ce, nauyin wuya kuma kilo 28. Idan aka bi sittin da arba'in, aka matsar da shi santimita 20, nauyin ya zama kilo 54. Ke nan kowane santimita 5 yana ƙara wa shanu kimanin kilo 14, ko ya rage masu. Ita kanta sandar tana da nauyinta, musamman idan bututun ƙarfe ce mai kauri, kuma kusan rabinsa a kan karkiya yake sauka. Shi ya sa lissafin takarda ba ya wadatarwa sai an auna.

Yanzu a duba yadda wannan kilo 28 yake saurin gushewa. Buhun masara ɗaya mai kilo 100, idan aka ɗauke shi daga santimita 70 a gaban gatari aka mayar da shi santimita 70 a baya, ya rage kilo 39 daga wuya, sanda ta ɗaga ke nan. Mutum biyu masu kilo 65 kowanne idan suka ɗare a ƙarshen bodi, kamar yadda ake yi a hanyar kasuwa, sun rage kilo 32. Shi kuma mai kora idan ya zauna a bakin bodi ta gaba ya ƙara kilo 20, kuma da ya sauka wannan kilo 20 ya tafi. Saboda haka a yi awo sau biyu, yana zaune da kuma ya sauka, a tabbatar sandar tana da nauyi a duka biyun.

Hawa da gangara suna da nasu lissafin, kuma ya danganta ne da tudun kaya. Muddin cibiyar nauyi ba ta fi karkiya tsawo daga ƙasa ba, kamar lodin buhuna sahu biyu, hawa ba ya rage nauyin wuya da wani abin kirki. Amma lodin kara ko harawa ko ciyawa, wanda ake tulawa har ya fi mutum tsawo, cibiyarsa tana iya zama santimita 60 sama da karkiya. A hawan da ƙasa take tashi mita ɗaya cikin kowane mita biyar, irin na fitowa daga mashigin rafi, wannan daidai yake da an matsar da kayan duka santimita 12 zuwa baya. Rinjayen santimita 10 da aka tanada ya ƙare, sanda ta tashi a daidai lokacin da shanu suke ba da iyakar ƙarfinsu. A gangara kuma akasin haka ne, nauyin wuya ya ninka fiye da sau biyu, amalanken kuma yana turo karkiya zuwa ƙaho. Manomin da ya san hanyar gonarsa tana da kwari ya riƙa jawo dogon lodi gaba kaɗan, ya ɗaure shi tamau, ya kuma sa a yi masa birki, ko da na katakon da ke danne taya ne.

Yana da kyau a sa wa amalanke ƙafar jingina biyu, ɗaya a ƙarƙashin sanda, ɗaya a baya, masu naɗewa. Lokacin lodi da sauke kaya ne ma'auni yake lalacewa ƙwarai, domin babu mai iya ɗora buhu goma a lokaci guda. Da ƙafafun nan a ƙasa, dabbobi suna tsaye ba abin da ya dame su.

Tarakta

Duk wanda ya lura da tirelar babbar tarakta mai gatari ɗaya zai ga tayoyinta suna can baya sosai. Da gangan aka yi haka. Nauyin da ya hau kan tarakta yana danne manyan tayoyinta na baya, su kama ƙasa a cikin laka da yashi. Ƙaramar tarakta mai taya biyu ita ma tana amfana da ɗan nauyi a mahaɗa saboda wannan dalili, kuma a irin tirelarta mai tuƙi a gaba yake zama, don haka a sa nauyinsa cikin lissafi. Kada a kwaikwayi tirelar tarakta wajen ƙera amalanken shanu ko tirelar mota. Kuma kada a taɓa ɗaura tirela a wani wuri da ya fi gatarin tarakta tsawo. A ɗaura ta a ƙarfen ja da kamfani ya tanada a ƙasa, domin ja daga sama yana iya ɗaga gaban tarakta ta kifa da baya a kan direba.

Idan kayan na dindindin ne

Wasu tirelolin ba don buhuna ake yin su ba. Masu noman rani sukan kafa injin ban ruwa da duro da tiyo a kai, wasu kuma injin casa ko na niƙa. A irin wannan hali tsakiyar bodi ba ta da wani muhimmanci, sai an nemo cibiyar nauyi ta gaskiya. Ana rubuta kowane abu da nauyinsa da tazararsa daga mahaɗa, a ninka biyun, a tara sakamakon, a raba da jimillar nauyi.

Misali, firam da daɓensa kilo 150 a santimita 225 ya ba da 33,750. Injin ban ruwa kilo 60 a santimita 150 ya ba da 9,000. Duro mai lita 200 cike da ruwa, kilo 215 har da nauyin duron, a santimita 270, ya ba da 58,050. Tiyo da jarkar mai kilo 45 a santimita 320 sun ba da 14,400. Jimillar nauyi kilo 470, jimillar sakamako 115,200. Idan aka raba sai a sami santimita 245, nan ce cibiyar nauyi. A raba 245 da 0.9, gatari ya faɗa a santimita 272. Ba a sa nauyin gatari da tayoyi a wannan lissafi ba, domin su kai tsaye a ƙasa suke zaune.

A lura da inda aka ajiye duron: kusan daidai saman gatari. Idan yana cike mahaɗa tana ɗauke da kilo 47, idan ruwan ya ƙare kilo 45. Da a ce an kai shi ƙarshen bodi, santimita 330, cika shi kaɗai zai ɗebe kilo 43 daga mahaɗa. Duk abin da nauyinsa yake sauyawa a cikin tafiya, ruwa ne ko mai ko taki, wurinsa saman gatari. Duron da ke da rabin ruwa kuma ya fi cikakke wahalar sha'ani, domin ruwan yana gudu gaba da baya duk lokacin da aka tsaya ko aka tashi.

Gwaji kafin a yi walda

Hanya mafi inganci ba ta bukatar ilimin lissafi mai zurfi. Bayan an gama firam da bodi da sandar ja, kafin a kafa gatari, a kwantar da bututun ƙarfe mai ƙarfi a gicciye bisa shimfiɗaɗɗen wuri, a ɗora firam ɗin a kai, a loda masa irin kayan da zai riƙa ɗauka, ko buhunan yashi masu nauyinsu. A riƙa gangara shi a hankali har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba. A yi alama da alli, nan ce cibiyar nauyi. Daga wannan alama ake komawa baya gwargwadon abin da lissafi ya bayar.

Sannan a ɗaure gatarin na wucin gadi da noti ko matsi, a sake lodi, a sa sikeli a ƙarƙashin mahaɗa. Dole mahaɗar ta kasance a tsawon da za ta zauna lokacin aiki, wato tsawon wuyan shanu ko na ƙugiyar mota, domin idan ta yi ƙasa ko sama awon zai yi ƙarya. Sikelin awon hatsi ya isa, ko sikelin rataye da aka ɗaura a reshe. Idan sikelin ƙarami ne, a sami katako mai ƙarfi tsawon santimita 90, a ɗora bakinsa ɗaya a kan bulo, ɗayan a kan sikeli, a saukar da mahaɗa santimita 30 daga bulon. Abin da sikeli ya nuna a ninka shi sau uku.

Shawarar da na fi ba masu walda ita ce kada su like mazaunin gatari da firam kai tsaye. A yi masa nasa ƙarfen dabam, a huda ramuka a jere a jikin firam, tazarar santimita 5 tsakaninsu, a ɗaure da noti. Kuɗin da wannan zai ƙara kaɗan ne, amma manomi zai iya matsar da gatarin idan ya sauya shanu, ko ya ƙara tsawon sanda, ko ya mayar da amalanken na ɗaukar ruwa. Idan za a sa sifirin na tsohuwar mota, a sani cewa kusar da ke riƙe gatari ba kullum take daidai tsakiyar sifirin ba. A auna daga kusar, a kafa kafaffen kunne a gaba, mai lilo a baya, kuma kada a taɓa jikin sifirin da wutar walda.

Kafin a ƙarasa ɗauri a tabbatar gatarin bai karkace ba. A ja tef daga tsakiyar mahaɗa zuwa bakin gatari na dama, a sake ja zuwa na hagu. Bambancin kada ya wuce milimita 3. Karkataccen gatari yana sa amalanke tafiyar kaguwa, yana cinye taya ta gefe ɗaya, kuma sa ɗaya ne yake shan wahalar. Idan aka ga san da ke gefe guda kullum shi ne mai miki, a auna gatari, a kuma duba ko shanun biyu tsawonsu ɗaya, tun kafin a nemi magani.

Tayoyi su kasance girma ɗaya da iska ɗaya. A jikin kowace taya akwai lambar da ke nuna iyakar abin da take ɗauka: lamba 82 tana nufin kilo 475, lamba 102 kuma kilo 850. Amalanken da zai ɗauki jimillar tan ɗaya, tayoyi masu lamba 82 sun yi masa kaɗan. Boris kuma a riƙa sa masa giris a farkon kaka da farkon damina.

Idan an gama kome, a shafa layin fenti a cikin bodi da gefensa daidai saman gatari, yadda duk yaron da aka aika ɗauko kaya zai gan shi. A koya masa ya fara ajiye buhu mafi nauyi a kan layin, na biyu a gabansa, na uku a bayansa, haka har ya gama, hagu da dama daidai kamar mangalar jaki. Kafin a ɗaura wa shanu, ya kama bakin sandar ya ɗaga. Idan ta taso da kanta a mayar da buhu ɗaya gaba, idan kuma ta gagare shi a mayar da ɗaya baya.